Kafin Ka Biya Kuɗin Shiga Shirin Rage Ƙiba, Ka San Me Ake Sayar Maka

Kamfanin rage ƙiba da ya fi kowanne suna a duniya, WeightWatchers, a falon wata matar aure ya faro. Sunanta Jean Nidetch, a unguwar Queens ta birnin New York take zaune. A 1961 ta je wani asibitin hukumar birnin da ke duba masu ƙiba, aka ba ta tsarin abinci, ta fara bi. Da tafiya ta yi nisa sai ta ga ita kaɗai ba za ta jure ba, don haka ta kirawo ƙawayenta masu irin damuwarta suka riƙa haɗuwa a gidanta duk mako. Kowace ta faɗi abin da ta ci a ɓoye, da inda ta kasa, da inda ta yi ƙoƙari. A 1963 aka yi wa zaman rajista ya zama kamfani. Tsarin abincin na asibiti ne, ita zaman kawai ta ƙara a kai, kuma zaman ne mutane suka yi ta biyan kuɗi dominsa sama da shekara sittin.

Duk wanda ke tunanin cire kuɗi ya shiga irin wannan shiri, ko na babban kamfani ne ta manhajar waya, ko na wata mai horarwa da ta buɗe zaure a WhatsApp tana karɓar kuɗin wata, wannan ne abu na farko da ya kamata ya fahimta. Da yawa suna shiga ne da zaton akwai wani sirri da aka ɓoye wa sauran jama'a, wani haɗi ko wani lokacin cin abinci da sai ka biya za a faɗa maka. Babu shi. Duk shirin da ya taɓa rage wa wani ƙiba ta hanya ɗaya ya bi: ya sa mutum ya ci ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa, ya kuma daɗe a kan hakan. WeightWatchers maki yake ba kowane abinci ya ce kada ka wuce kaza a rana. Slimming World, wanda Margaret Miles-Bramwell ta kafa a Ingila a 1969, yana ware wasu abinci da za ka ci har ka ƙoshi, sauran ya sa musu iyaka. Jenny Craig abincin ma shi yake sayar maka a ƙunshe, an riga an auna. Noom darussa ne ta waya da rubuta abin da ka ci. Dabarun sun sha bamban, amma duka wuri ɗaya suka nufa.

Abin ya fi kama da adashe. Adashe ba ya ƙara maka ko sisi, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Amma mutane nawa ne suka sayi keken ɗinki ko suka yi wa 'yarsu kayan ɗaki da kuɗin da ba za su taɓa iya tarawa su kaɗai ba? Sanin cewa ranar Juma'a uwar adashe za ta aiko, kuma sauran sun zuba, shi ke hana hannu taɓa kuɗin. Haka mai shiga shirin rage ƙiba: yana sayen ranar hawa sikeli a gaban wani, da mutanen da za su tambaye shi in bai zo ba. Ga wasu wannan ya cancanci kuɗi. Ga wasu kuwa asara ce, domin suna da wannan a gida kyauta, ko kuma zama cikin jama'a a yi maganar jikinsu ba ya ƙara musu komai sai takura.

To yana aiki kuwa? An bincika, kuma amsar tana da daɗi da rashin daɗi. A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostareliya. Aka raba su biyu, wasu likitansu ya tura su WeightWatchers kyauta na shekara guda, wasu suka tsaya kan shawarar da ake bayarwa a asibiti. Bayan wata goma sha biyu 'yan shirin sun rage kimanin kilo 5 a matsakaici, na asibiti kimanin kilo 2 da ɗan ɗori. Ninki biyu ke nan. Sai dai a sani kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma kusan mutum huɗu cikin goma ba su kai ƙarshen shekarar ba. A 2017 aka sake buga wani gwajin a Birtaniya da mutum sama da 1,200. Waɗanda aka ba ɗan littafin shawara kawai sun rage kilo 3 da wani abu a shekara, waɗanda suka yi mako 12 a shirin sun kusa kilo 5, waɗanda suka yi mako 52 sun kusa kilo 7. A shekara ta biyu kowane rukuni ya mayar da wani ɓangare na abin da ya rage, amma 'yan shekara guda suna gaba har lokacin. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka da suka tattara gwaje-gwajen irin waɗannan kamfanoni a 2015 sun samu cewa kaɗan ne daga cikinsu ke da hujjar da ta kai shekara guda. Mafi yawa babu wanda ya taɓa gwada su gwaji na gaskiya.

Ka dubi waɗannan alƙaluma da kyau, domin su ne na shirye-shiryen da suka fi inganci, a ƙasashen da ake sa musu ido. Kilo 5 zuwa 7 a shekara. Mace mai kilo 105 da ke mafarkin komawa kilo 65 na lokacin da take amarya, in ta shiga da wannan buri, a wata na huɗu za ta ce an cuce ta ta fita. Hotunan "da" da "yanzu" da ake tallatawa na mutanen da suka fi kowa dacewa ne, ɗaya cikin masu yawa, kuma ba a nuna maka hoton mutum bayan shekara uku.

Amma ni ban raina kilo 5 ba, kuma ina roƙon kada a raina shi. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba. Rukuni ɗaya aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, yawanci tafiya da ɗan sauri. Kamuwa da ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba maganin suga na metformin kashi 31 ta ragu. Kashi 7 na mai kilo 90 kilo 6 ne da ɗan ƙari. Maƙwabta ma ba lallai su lura ba, amma gwiwa za ta lura wajen hawa bene da ruku'u, awon hawan jini zai nuna, barci zai gyaru. Wanda ya shiga shiri don wannan, akwai yiwuwar ya samu abin da ya je nema. Wanda ya shiga don bikin da ya rage saura mako shida, shi ne abincin masu sayar da shayin rage ƙiba, kuma zan zo kansu.

Akwai abin da masu talla ba sa son a tsaya a kai, wato dawowar ƙiba. Idan nauyi ya dawo, mutum kansa yake zargi, ya ce ba shi da zuciya, ya cika kwaɗayi. 'Yan uwa ma su taya shi. Gaskiyar ita ce jiki yana yaƙi da rama. Masu bincike a Melbourne ta Ostareliya sun bi mutanen da suka rage nauyi sosai cikin mako goma, suka auna jininsu bayan shekara guda, suka buga a 2011. Sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake kafin su fara, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi yana ƙasa, kuma mutanen da bakinsu sun ce sun fi jin yunwa. Ƙari a kan haka, jikin da ya ragu ƙasa da na da yake ƙonawa. Wato wanda ya sauko daga kilo 100 zuwa 90 yana ɗauke da yunwar da wanda bai taɓa wuce 90 ba bai san ta ba. Shi ya sa tambayar da ta fi "kilo nawa zan rage" muhimmanci ita ce "me zai faru ranar da na daina biya". Shirin mako huɗu ko na kwana 21 ba shi da amsarta. Kuma kada a manta kamfani kasuwanci yake yi: wanda ya rame, ya tafi, ya sake ƙiba, ya dawo ya sake biya, bai ɓata wa kamfani lissafi ba. Ban ce da gangan suke shirya hakan ba, amma ribarsu ba ta dogara da ka rabu da su har abada ba.

Su kansu manyan kamfanonin yanzu ƙasa tana girgiza a ƙarƙashinsu. Jenny Craig, da aka kafa a 1983, ya rufe cibiyoyinsa a Amurka a 2023. WeightWatchers, wanda fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, Oprah Winfrey, ta sayi kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa a 2015 ta kuma bar hukumar gudanarwarsa a 2024, ya garzaya kotu a watan Mayun 2025 yana neman a sassauta masa bashin sama da dala biliyan ɗaya. Babban dalili shi ne sababbin allurai irin su semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy. A gwajin da aka buga a 2021 masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68, abin da babu wani zaman mako-mako da ya taɓa kaiwa. Har WeightWatchers da kansa ya sayi wani kamfanin ganin likita ta intanet a 2023 don ya riƙa rubuta wa mutane allurar. Sai dai ita ma ba ta tsira daga matsalar da muka faɗa ba: waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Ga tsada, ga tashin zuciya da amai ga wasu, ga jabu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai a 2024. Magani ne na likita. Duk shirin da zai aiko maka da allura ta hannun ɗan aike ba tare da likita ya duba ka ba, ka bar musu kayansu.

Mu a nan, ban da 'yan uwanmu mazauna Birtaniya ko Amurka da za su iya samun waɗancan zaurukan a unguwarsu (a Birtaniya ma likita kan tura mutum na mako 12 kyauta a wasu yankuna, ya kamata a tambaya kafin a biya), abin da ya fi isowa gare mu daban ne. Shafi ne a Instagram ko TikTok, da lambar asusun banki, da alkawarin "rage tumbi cikin sati biyu". A cikinsu akwai masu gaskiya, waɗanda suka karanci ilimin abinci suke tsara wa mutum abin da zai ci suna bibiyarsa. Hanyar rarrabe su ba ta da wuya: ka duba ko shirin zai iya tsayawa in an cire kayan da ake sayarwa. In duk maganar tana komawa kan shayi, ko kofi, ko garin da ake damawa, ko ɗamarar ciki, to shago ne aka yi masa rigar shiri. Da yawa daga shayin nan ganyen sa gudawa ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna ka ragu kilo biyu a kwana uku, amma ruwa ne ya fita, kitse yana nan inda yake, ga ƙoda da hanji suna wahala. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla". Maganin rage ƙiba ne da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ka yi tunanin mai hawan jini da bai san yana da shi ba yana shan wannan safe da yamma. Lambar NAFDAC ma a kan maganin gargajiya ba shaida ce ta cewa yana rage ƙiba ba. In ka karanta ƙananan rubutun jikin kwalin sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Sai kuma waɗanda da ka shiga za a ce ka kawo mutum uku ka samu ragi, ko ka zama wakili. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Herbalife, kamfanin da ke sayar da kayan rage ƙiba ta hannun wakilai, biyan dala miliyan 200 tare da sauya tsarinsa, kan yadda yake ruɗar masu shiga game da kuɗin da za su samu. In wadda ke ba ki shawarar abinci cinikinta ya dogara da yawan gwangwanin da kika saya, kin san inda shawarar za ta karkata.

Ko shirin na gaskiya ne, akwai wata jarrabawa da yawancinsu ke faɗuwa a gidajenmu, ita ce tukunya. Za a turo miki jadawali: da safe ots da yogot marar suga, da rana ƙirjin kaza da burokoli, da dare kifi gasasshe. Ke kuwa tukunya ɗaya kike ɗorawa ta mutum goma sha biyu, tuwon masara miyar kuka, kuma kuɗin cefane a ƙirge yake. Kwana nawa za ki yi kina girki biyu? Shirin da ya san aikinsa a kan abincinki zai zauna. Zai ce malmala ɗaya maimakon biyu, a yawaita miyar ganye a rage man da ke kwance a samanta. Zai ce kwaɗon zogale da dafaffen wake da ƙwai suna riƙe ciki fiye da burodi da taliya. Zai tambaye ki shayin safe cokali nawa na suga kike zubawa, da madarar gwangwani, da sugan da ke cikin kunu da fura da zoɓo, da lemon kwalban da ake sha don abinci ya wuce. Babbar robar lemo guda takan ɗauki sugan da ya kai cokalin shayi goma ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya kimanin goma sha biyu ta ce kada babba ya wuce a yini gaba ɗaya. Mutane da yawa a nan kaɗai za su samu rabin abin da suke nema, ba tare da sun sayi komai ba. Kuma shirin da bai san da azumin Ramadan ba, bai san yadda faranti ke cika da soye-soye da an sha ruwa ba, bai san mu ba. Ma'aunin da hadisi ya ba mu, kashi ɗaya na ciki abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, kowa ya haddace shi. Aiki da shi a gaban tire ne ke da wuya, kuma a nan ne abokan tafiya ke da amfani.

Wannan ma ita ce hujja mafi ƙarfi da nake gani ta shiga shiri a wurinmu. A al'adarmu ƙiba alamar hutu ce. Amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba sai a fara tambaya ko lafiya take zaune da mijin. Har yau akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki. Magidanci in ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. Wanda ya fara ramewa da gangan kuwa, gaisuwar farko da zai samu ita ce "Lafiya kuwa? Ka rame!" da fuskar jaje. Ka je gidan suruka ka ce ka ƙoshi, a ce ka raina abincin. Mutumin da gidansa da abokansa duk suna ja ta wancan gefen yana buƙatar wasu mutane da za su ce masa sannu da ƙoƙari. In zai same su kyauta, maƙwabta uku da za su riƙa fita tafiya bayan sallar asuba, ko abokan aiki da za su ajiye sikeli ɗaya a ofis su riƙa hawa duk Litinin, to ya fara da wannan na wata biyu ya gani. In an gwada abin ya watse, kamar yadda irin wannan kan watse in babu mai riƙe da shi, to biyan wanda aikinsa ke nan ya bibiye ka ba almubazzaranci ba ne.

Amma kafin kowane shiri, asibiti. A auna hawan jini da suga. Wata ƙibar tana da dalilin da jadawalin abinci ba zai taɓa ba: matsalar maƙoƙo, ko cutar ƙwayayen mahaifa da ke zuwa da rikicewar al'ada, ko magunguna irin su prednisolone da wasu na taɓin hankali da wasu allurai na tazarar haihuwa. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da suga, in ya rage abinci kwatsam ba a gyara masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa ya sume. Mai juna biyu ba ta shiga shirin rage ƙiba. Mai shayarwa da mai ciwon ƙoda sai da shawarar likita. Yara ba a kai su shirin manya. Wadda ta taɓa fama da ƙin cin abinci ko cin abinci ta amayar da gangan, ƙirgen maki da hawa sikeli duk mako na iya tayar mata da tsohon ciwo. Wasu ma ba sa buƙatar rage komai. Ka samu igiya ka auna tsawonka, ka naɗe ta gida biyu ta zama rabin tsawonka, ka zagaya cikinka da ita daidai saman cibiya kaɗan. In ta haɗu, kitsen cikinka bai kai na damuwa ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da wannan ma'auni, cewa kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawo.

In duk an wuce wannan kuma ka yanke za ka shiga, ka yi lissafin kuɗin shekara guda, ba na watan farko da ake yi wa ragi ba, tunda mun ga tsawon zama ne ke kawo bambanci. Ka haɗa da kuɗin data da na duk abin da za a ce ka saya. In kuɗin zai taɓa na makarantar yara ko na maganin hawan jini, a haƙura. Ka tambayi mai shirin inda ya yi karatu da takardar da yake da ita. Ka tambaye shi cikin waɗanda suka fara bara mutum nawa suka kai ƙarshe, kuma nawa suka rage a matsakaici. Ka ji saurin da yake alkawari: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da likitoci suka yarda da shi, wanda ya ce kilo goma a wata ba tare da ka canza ci ba ƙarya yake yi. Ka tambayi wa zai ga hotunanka da awonka, musamman mata, domin hoton da aka tura zaure yana iya zama talla gobe ba da izini ba. Manhajojin waje kuma yawancinsu da kansu suke sabunta rajista su ciri kuɗi daga katinka duk wata, wasu su ɗaure ka da yarjejeniyar wata shida ko shekara, don haka ka nemo yadda ake fita ka karanta tun kafin ka sa lambar katin.